Gilashi Ba Ya Son Mamaki

Ƙarfe shida saura, Dundee na barci.
Na fito da makulli a hannu,
numfashina na gaba, ina biye da shi.
Motata na nan inda na bar ta jiya,
sai dai dare ya yi mata lulluɓi,
ya barbaɗe gilashi da farin gishiri
irin wanda ba a sa wa miya.

Na murza makulli. Ta yi tari sau biyu
kamar tsohon da aka tasa da asuba,
sannan ta yarda.
Na danna maɓallin nan mai 'yar jar fitila,
na cusa hannuwa a hammata, na zauna.
Ƙanƙara ba ruwanta da agogo,
ba ta san ƙarfe bakwai nake karɓar aiki a asibiti ba.

Hunturuna na fari a garin nan
ai ni ce sarkin dabara.
Na tafasa ruwa, na fito da buta tana huci,
na ce yau za a ga wanda ya fi wani zafi.
Na sheƙa.
Ƙas!
Tsaga ta taso daga kusurwa har tsakiya,
albashin mako guda ya bi ta cikinta ya fice.

Mista Rennie na tsaye a ƙofarsa,
da kofin shayi, da karensa mai ɗingishi.
Bai yi dariya ba, ko da yake ta zo masa wuya.
Ya shiga gida, ya fito da 'yar roba shuɗiya
mai baki kamar na fartanya.
"Yarinya," in ji shi, ni mai 'ya'ya uku,
"gilashi ba ya son mamaki.
Ɗumi kaɗan-kaɗan. Ki bar shi ya yi shawara."

Shekara tara ke nan.

Yanzu ina duban madubi.
Siraran wayoyin gilashin baya sun kama aiki,
layi bayan layi, kamar gonar da ake wa huɗa,
baƙi na ɓullowa a tsakanin fari.
Layin farko ya ba ni fitilar titi.
Na biyu, rufin gidaje da bututun hayaƙi.
Ɗigo ya kori ɗigo, suka gangara tare.
Na uku ya buɗe abin da na riga na sani:
ƙofarsa a rufe, labule ba motsi,
allon sayar da gida a kafe cikin ciyawa,
shi ma ya yi furfurar dare ɗaya.

Watan jiya ne. Ɗakinmu, gado na shida.
Ni ce a kan aiki.
Na riƙe hannunsa, sanyi ƙalau,
na murza, na hura, na sake murzawa,
kaɗan-kaɗan, yadda ya koya mini.
Wannan sanyin bai narke ba.

Na fito da 'yar robar, bakinta duk ya cinye,
ina kankare ƙanƙara a gilashin gaba,
ƙar, ƙar, ƙar,
kamar mai neman ƙanzo a gindin tukunya.
Garinta na zuba cikin hannun rigata,
yatsuna sun daina amsa kira.

Sai ƙofa ta buɗe a tsallaken titi.
Yaron nan da ya tare ranar Asabar,
dogo, da takalmin wanka a wannan sanyi,
ya nufi motarsa da saurinsa,
buta a hannu, tana huci.

Na dubi agogo, bakwai saura kwata.
Na dubi butar.

"Kai! Tsaya!"
Da Hausa ta fito, ban ma sani ba.
Ya tsaya kuwa.
Na bar motata tana gurnani, na tsallaka.